Komin da Gara Ba Ta Ci

Autanmu ya dawo daga cirani da sana'ar da ba mu taɓa gani ba a Deule: komin shayar da shanu, ba na icce ba, ba na ƙarfe ba. Ni ba mai fita ba ce, ɗakina kuma bango guda da shagonshi, don haka da kunne na koyi aikin. In na ji gurza a hankali, kaki yake shafa wa uwar zubin, wato ƙirar da yake ɗora aikin bisanta, don kada komin ya manne mata. In na ji ɗaf-ɗaf, ya shimfiɗa farin zaren gilas ke nan, yana danna shi da buroshi da wani ruwa mai yauƙi da yake kira rezin. Ya bushe, ya ɓamɓaro, makiyaya su zo da jakkai su ɗauka.

Da fari a tsakar gida yake yi. Sai kaka ta kama, mata sunka fara sheƙa, ƙaiƙayin hatsi ya riƙa sauka bisa ɗanyen aiki yana ɓata shi. Ya kwashe kayan zuwa shago, ya rufe ƙofa, ya toshe taga da buhu.

Na ce, “Auta, warin ga har cikin furata. Buɗe ko kaɗan.”

Ya ce, “Yaya, hana su sheƙa, in buɗe.”

“In hana mutane cin tuwo?”

“To, ki bar ni in nemi na miya.”

Ya yi dariya, ya ja rawani bisa hanci. Shi ne duk kariyarshi, har sa'ad da yake goge bakin komi, farin gari na tashi.

Tari ya kama shi, ya soma ƙarami. Daga baya ya riƙa shiga tsakanin ɗaf da ɗaf, har ya fi su yawa. Likitan Madawa ya ce ya bar aikin, ko ya yi shi a sarari. Auta ya ce to, Allah ya kai mu bayan sheƙa. Bayan sheƙa kuwa, taki ukku sai ya dafa bango.

Da bazara munka rasa shi.

Kominshi na ƙarshe na nan gindin rijiya, gara ba ta ci ba, rana ba ta tsaga ba. Makiyaya na sa mai albarka kullum. Ni in an fara sheƙa, ɗaka nake shiga in kunna rediyo.