Yaya, Duwatsunka Sun Nuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, wanda abokan sana'a suka fi sani da Mai Dafa Dutse. Ya rasu a gidansa bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Ya bar mata da 'ya'ya, ya bar ni ƙanwarsa, ya kuma bar duro biyu cike da duwatsu a bayan kicin.

Yaya, sana'arka haɗa tankin kifin teku ce: akwatin gilashi, ruwan gishiri, murjani da kifaye masu launi. Ka haɗa wa otal-otal da ofisoshi, amma falonka babu ko ɗaya. Anti, matarka, ta sha yi maka gori a kai, kai kuma kullum amsarka ɗaya, nata zai fi na kowa, ta dai jira.

Sunan nan ma da tsokana ya samo asali. Ba ka taɓa ciro busasshen dutsen teku daga kwali ka jefa a tanki ba. Ka ce a ido fari ne fes, amma cikin ramukansa akwai matattun abubuwan teku da suka bushe tare da shi, ruwa na taɓa su za su ruɓe su zama guba. Sai ka goge shi da burushi, ka jiƙa a duro da ruwan gishiri, ka sa famfon juya ruwa da hita mai ɗumama shi, ka rufe ruf don kada haske ya kawo gansakuka. Haka za ka yi ta sauya ruwa makonni, kana sunsunawa. Muna yi maka dariya muna cewa ga mai haƙurin da ake faɗa, dutse ya hau wuta, saura romo.

Ban manta maƙwabcinka mai aski ba, wanda ya ƙi jin shawararka ya zuba kifi a kan ɗanyen dutse. Da suka mutu ya zo yana sunkuyar da kai. Ba ka ce masa ai na faɗa maka ba. Ka kwashe duwatsunsa ka kai duro, ka ba shi naka da suka riga suka nuna, ka bi shi har shago ka jera masa.

Da maganar likita ta fara gajarta, sai ka sayo duwatsun tankin Anti. Ka kafa tankin a falo daidai kujerarka, fanko, duwatsun kuma suna can baya suna wari. Ƙarfinka ya tafi, na zama hannunka. Ni da ko kifin miya ban son taɓawa, na koyi ɗiga magani a 'yar kwalba ina gwada launin ruwa, ina kawo maka ka duba. Kullum sai ka girgiza kai.

Ina ganin yadda kake ramewa, ina ganin gilashin nan babu komai, raina ya ƙi kwanciya. Abin da nake so kawai ka ga tankin da rai a cikinsa kafin ta Allah ta kasance. Wata rana na kasa daurewa, na ce mu zuba su haka, mu sa kifin, ko na mako guda ne ka gani. Har na ɗaga maka murya, abin da ban taɓa yi ba.

Ka dube ni ka ce, "Auta, in na gani na mako guda, ita kuma fa? Ni ne zan tafi, ita za ta zauna da shi. Ba zan bar mata gawar kifi ba."

Na fita ina kuka, ina jin haushinka. Gaskiya har yau haushin bai gama sauka ba. Mutum ya yi wa kowa, nasa na ƙarshe kuma ya hana idonsa?

Ranar rasuwar masu gaisuwa sun cika gida, warin duro na shigowa ta taga. Kawu ya ce a zubar da ƙazantar nan. Anti ta ɗago ta ce, "Kawu, a yi haƙuri, kada a kashe famfon nan." Ba wanda ya sake tayar da zancen.

Makon jiya na buɗe duro biyun nan, ban ji wari ba. Na gwada ruwan, launin da ka daɗe kana jira ya fito. Na tsaya da kwalbar a hannu, na rasa wanda zan kai wa. Ni da Anti muka jera duwatsun, muna ta sauya musu wuri, don ba mu san yadda ka so su zauna ba. Mun sa kifi biyu, suna nan lafiya, suna shiga ramuka suna fita. Anti a kujerarka take zama yanzu. Ka yi gaskiya, Yaya, amma gaskiyar ba ta rage mini zafi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti da yara, da 'yan'uwa da abokan sana'arka. Allah ya ba mu haƙuri irin naka. Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa jinya ta zama kaffara. Ka dafa dutse ba ka sha romonsa a nan ba, Allah ya sa ka tarar da shi a Aljanna. Amin.