Ɗan Farin Malam na Lyon

Ni ban taɓa son balo, wato ƙwallon ƙafa, ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Amma a shekarun tamanin, in kana zama bayan butik, wato kantin Alhaji, a unguwar Goutte d'Or ta Paris, ka so ka ƙi sai ka shiga wasan zaɓe. Kafin a buɗe kakar wasa mukan zauna kan dilolin atamfa, kowa ya zaɓi 'yan wasansa daga ƙungiyoyin Faransa, bi da bi, babba ya fara. Ran Litinin a sayo jarida, wanda ɗan wasansa ya ci ƙwallo ya samu maki. Wanda ya zo ƙarshe shi ke dafa shayi har shekara ta zagayo. Na dafa shayin nan har na gaji.

Ni ne direban Alhaji, ina kai kaya Lyon da kamiyo, babbar motar kaya. Can nake sauka wurin Malam, mutumin Tawa, mai ɗan shago a Guillotière. Ɗansa na fari haifaffen Faransa ne, dogo, mai shekara sha bakwai. Da safe yana lakol, wato makaranta, yana koyon aikin lantarki, da yamma yana buga balo cikin matasan wata ƙungiya ta gefen gari.

Wata Litinin jarida ta ambace shi. Rubutun bai kai tsawon yatsa ba, amma Alhaji ya sa aka karanta masa ya fi a ƙirga. Bahaushe a jarida! Kafin la'asar labari ya kai unguwar Barbès da ke kusa da mu. Masu tebur ƙarƙashin gadar jirgin metro suna cewa yaron ya fi iska gudu, alhali cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ƙafarsa. Washegari har na ji wani yana rantsuwa cewa manyan ƙungiyoyi na faɗa a kansa.

Alhaji ya ce mini, "In ka je, ka tambayo uban."

Na tambaya. Malam yana jera sabulu, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Wannan? Bai iya ba. Gudu ke gare shi, shi ke nan. Mai koyar da su ya faɗa mini irinsa sun cika fili. Ka ce wa Alhaji a bar shi ya gama lakol."

Na kawo saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara gishiri ba. Sai butik ya ɗauki dariya. Alhaji ya buga cinya ya ce, "Kai, yaro ne kai har yanzu! Ɗan fari ne fa. Ka taɓa jin Bahaushe ya yabi ɗan farinsa? Ko sunansa ba ya kamawa. In uba ya ce bai iya ba, to gwani ne na ƙarshe."

Abin haushi, ba ƙarya Alhaji ya yi ba. Haka muka tashi: uba na kunyar ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya zama hira da shi. Sai dai Malam ba kunya yake yi ba, gaskiya yake faɗi, kuma ba shi da hanyar faɗinta da za a yarda. Duk lokacin da ya ƙara kushe yaron, darajarsa ƙara hawa take a Paris.

Ranar zaɓe Alhaji ya fara, shi ne babba. Ga manyan 'yan wasan ƙasa zube gabansa, ya tsallake su duka ya ɗauki ɗan Malam. Wani ya tuna masa cewa sai wanda ya buga cikin manya ake ba maki. Alhaji ya ce kafin sanyi ya shigo za a ɗaga shi zuwa cikin manyan. Sauran suka yi ta cizon yatsa, wani ma ya nemi musanya da 'yan wasansa biyu, Alhaji ya ƙi.

Da abin ya tsaya kan shayi, da ban tuna shi yau ba. Amma akwai waya, kuma mutanenmu ba sa riƙe baki. Yaron ya ji cewa alhazan Paris sun fifita shi kan kowa. Alhaji ya aika masa takalman balo masu tsada, wani ya aika riga. Tafiyata ta gaba Malam ya raka ni har bakin kamiyo, abin da bai saba ba.

Ya ce, "Malam direba, yaron nan ya ce zai bar lakol, wai atisayen safe ya fi. Ni ba zan iya zaunar da shi ba, ka san halinmu. Uwar ta yi magana, ya ce dattawan Paris sun fi ta sanin balo. Don Allah ka roƙa mini su."

Na yi wa yaron magana da kaina. Ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Kawu, ai Alhaji bai zaɓe ni a banza ba." Na koma Paris na roƙi Alhaji. Ya ce, "Allah sarki Malam, akwai kunya." Daga nan ban sake tayar da maganar ba. Mutum yana gajiya da maimaita magana ɗaya tsakanin gari biyu.

Yaron ya bar lakol. Sanyi ya shigo ya fita, ba a ɗaga shi ba. Bai karye ba, ba wanda ya cuce shi, kawai dai irinsa sun cika fili. Ƙarshen kakar wasa ƙungiyar ta sallame shi, lakol kuma ta ce shekarunsa sun wuce. Alhaji ya zo ƙarshe, amma dattijo ba ya dafa shayi, sai aikin ya faɗo kaina. Da zaɓe ya zagayo, jarida ta riga ta samo wani sabon yaro, Alhaji ya ɗauke shi tun farko. Ɗan Malam ko ambatonsa ba a yi ba.

Bayan wasu shekaru na kai kaya Lyon, yaron ne ya sauke mini katan-katan, ya zama ɗan dakon shagon ubansa. Muna zaune da Malam sai fitilar shagon ta mutu. Yaron ya hau kujera, ya taɓa nan ya taɓa can, wuta ta dawo, ya fita ya ci gaba da sauke kaya.

Malam ya bi shi da kallo. Sai na ji ya kama sunansa, a gabana, abin da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya ce, "Wannan aikin ya iya shi. Wallahi ya iya. Da tun farko shi na faɗa muku."