Shafi Goma Zai Ajiye Amalanke

Da ƙarfe tara na safe, bayan likitoci sun gama zagaye an goge ƙasa, ake fara jin kukan tayar. Tayar hagu ce ta gaba, duk man da aka zuba mata ba ta taɓa yin shiru ba. Shekara talatin da ɗaya tana wannan ƙara a barandar asibitin bayan unguwarmu, kuma duk wanda ya taɓa kwanciya a can ya san ma'anarta: Shafi Goma ya iso da amalankensa na littattafai. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni na taɓa kai ƙararsa, saboda haka ni ya fi cancanta in tashi in jinjina masa.

A takarda, aikinsa kula da wani ɗan ɗakin karatu ne kusa da wurin wanki, ɗakin da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya ja da baya. Da sassafe za ka same shi a ciki da reza da allura da zare da kwalayen magani da aka zubar. In an kawo kundin gajerun labarai sai ya farke shi, ya ware kowane labari daban, ya ɗinka masa bangon kwali. Hujjarsa ita ce mai ƙarin ruwa a hannu ɗaya ba zai iya riƙe littafi mai shafi ɗari uku ba. Ba ya kuma tambayar mara lafiya abin da yake so ya karanta. Tambayarsa ɗaya ce: yaushe za a zo ɗaukarka zuwa gwaji ko tiyata? In ka ce nan da rabin awa, sai ya miƙo maka mai shafi goma. Daga nan sunan ya bi shi.

Nas-nas sun ce ya fi fayil sanin mutane. Matan ɗakin haihuwa labarin binciken kisa suke so, har gardama suke yi daga gado zuwa gado kan wa ya aikata. Mazan ɗakin karaya kuwa, masu gemu da kaurin murya, labarin soyayya suke karɓa a naɗe cikin jarida, shi kuma bai taɓa tona ko mutum ɗaya ba. Wata mai shara ta gaya mini ta sha ganinsa tsaye a kan wanda aka ɗaure wa idanu, yana karanta masa labarin tafiya wata duniyar, abincinsa na rana na hucewa a kan amalanke. Amma abin da ya fi fita, wanda bangonsa ya fi tsufa da hannu, shi ne labarin ban tsoro.

A nan ni da shi muka saɓa. Shekara arba'in na koyar da adabi, ina gaya wa ɗalibai kada su haɗiyi magana don kawai manya sun faɗa. Sai ga shi ni ma na haɗiyi guda ɗaya ban tauna ba: wai mara lafiya abin kwantar da hankali yake buƙata, labarin dodanni kuwa shirme ne na marasa aikin yi.

Bara aka kwantar da baban yarana, tsohon safiyo, mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna daji shi kaɗai. Likitoci suka ce sai an yi masa tiyata, kuma in Alhamis ta wuce bai sa hannu a takardar yarda ba, ba su da tabbacin aikin zai yi amfani. Ya ƙi. Bai yi faɗa ba, juya fuska bango kawai ya yi, ya daina ci, ya daina magana. 'Ya'ya suka yi lallashi, ƙannensa suka yi nasiha, ni kuma na kwaso masa manyan littattafai masu koyar da haƙuri. Ko kallonsu bai yi ba. A shekara arba'in da shida na aurenmu ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai lokacin, kuma na san in ya ci gaba a haka zan koma gida ni kaɗai.

Ranar Litinin na dawo daga karɓo magani na tarar da shi a zaune, tabarau a hanci, yana riƙe da wani kwali. Na karɓa na duba. Labarin wani tela ne da wani baƙo ke kawo wa awon riga duk mako, kuma duk mako awon na ƙara matsowa kusa da na jikin telan kansa. Raina ya ɓaci. Na wuce kai tsaye ofishin shugabar nas-nas, na ce ana ba mutanen da ke bakin mutuwa labarin mutuwa, ana kuma yayyaga littattafai da reza. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ni ce ta huɗu da ta kawo wannan ƙara, kuma dukanmu huɗun masu jinya ne, babu mara lafiya ko ɗaya.

Ban haƙura ba, na tare shi a baranda. Ya tsayar da amalanken, ya gaishe ni har da rusunawa, ya bar ni na zazzage abin da ke cikina.

"Mama," ya ce, "tsoron da ke kan gadon Baba ba shi da shafin ƙarshe. Nawa yana da shi. Mutum ya tsorata, ya kai ƙarshe, ya rufe, ya ga yana nan da ransa. In ya yi haka sau biyar, sai jikinsa ya tuna cewa ana fita."

Na ce wannan ba ya cikin kowane littafin nazari da na sani. Ya ce shi ma ba a littafi ya gani ba. Daga baya na ji yana da doka guda da ba ya karyawa: ba ya ba kowa labarin da akwai asibiti ko likita ko ciwo a ciki. Don ya tabbata, sai ya karanta kowane labari da kansa, alhali shi matsoraci ne na ƙin ƙarawa. Da rana tsaka yake karantawa, ƙofa a buɗe, masu wanki na yi masa dariya.

Da na koma ɗaki, baban yara ne ya fara yi mini magana, karo na farko cikin kwana shida. Ba maganar tiyata ba. Cewa ya yi marubucin bai san awo ba, ai kafaɗa ba ta raguwa haka a bar wuya yadda yake. Ya nemi biro ya lissafa a bayan kwalin. Ya nemi shayi. Zuwa Laraba ya karanta bakwai, yana kushe kowanne yana neman wani. Da la'asar ya ce a kira masa likita da takardarsa.

Safiyar Alhamis Shafi Goma ya yi tambayar da ya saba, aka ce nan da rabin awa. Ya miƙo mai shafi goma. Tsohon nawa ya karanta shafi tara, ya sa yatsa ya tsinke zaren, ya cire na goman ya miƙa masa.

"Riƙe mini wannan. In na fito zan karɓa. Kada ka ba Malama, za ta gyara masa nahawu."

Awa biyar na yi a benci. Tayar nan ta wuce ni sau uku, duk wucewa sai mai turawar ya taɓa aljihun rigarsa ya gyaɗa mini kai. Da baban yara ya farfaɗo washegari, kafin ya tambayi 'ya'yansa shafin ya tambaya. Ya karanta, ya yi tsaki, ya ce ƙarshen banza ne, a kan wannan ya dawo? Na fita baranda na yi kukan da na riƙe kwana goma, ina yi ina dariya.

Kai ne wanda ya san cewa mutum kan so a tsorata shi da abin da zai iya rufewa ya ajiye a gefen gado. Kai ne ka auna mana labari daidai da lokacin da muke da shi. Mai reza da zare, ba ka taɓa sa farar riga ba, amma ka tayar da wanda mu masu digiri muka kasa juyo da fuskarsa daga bango. Na kai ƙararka, ba ka taɓa tuna mini ba. Na gode, kuma ka yafe mini. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da ɗaki mai haske, inda za ka karanta abin da ba ya tsorata ka.

Ku kuma masu karatu, in kuna da kundin gajerun labarai yana shan ƙura a kabad, ku kai asibitin da ya fi kusa da ku, ku zauna ku karanta wa wani. Ni na riga na farke nawa guda uku, da hannun da ya sha dukan tebur a kan wanda ya naɗe kunnen shafi. Ɗinkina bai kai nasa ba, baban yara ya auna ya ce bangon ya karkace. Roƙona ɗaya ga duk wanda zai gaji amalanken: kada ya gyara tayar nan. Akwai waɗanda ke kwance suna sauraron ta.