Gwiwata a Gaban Malamar Jikata

Rabona da wuce Koko tun shekarar da maigidana ya bar soja, kafin ma a kawo lantarki unguwarmu a Rikoto ta garin Zuru. Sai ga jikata ta matsa in je Sakkwato. Tana karatun likitan gashin ƙashi, shekara shida ake yi, saura kaɗan ya kai golmo, noman neman auren da kakanta ya yi a gonar babana kafin a ba shi ni. Ta ce a duba gwiwata, kuma ita za ta duba a gaban malamarsu, a ba ta maki. Bara ta faɗi wannan gwajin. In ta sake faɗuwa, sai ta maimaita shekara.

Mun tashi da asuba, ni da ɗan ƙanena. Hanyar Mahuta ta girgiza mu har haƙorana biyun da suka rage suka gaisa. A Jega na taya albasa, na ji tsada, na mayar wa mai ita abinsa. Muka ci ƙosai mai sanyi, muka wuce.

A Sakkwato, ɗakin kwanan jikata ba wurin sa ƙafa, littattafai kamar tubali, ga ƙasusuwan roba rataye a ƙusa. Ta ce shekarun farko aji ne da yankan gawa, yanzu kuma asibiti, safe da yamma. Ta rame. Nan na ƙudurta ba ni zan kayar da ita ba.

Ni a tunanina, in an ga kakarta garau, an san ta iya aiki. Da safe na shiga ɗakin gashin ƙashi ina tafiya kamar mai faretin bariki. Ga wani dattijo yana koyon taku tsakanin ƙarafa biyu, na wuce shi.

"Kaka, ina ke miki ciwo?"

"Ba ko'ina. Tun da kika taɓa ni jiya na warke."

Malamar ta ɗaga ido.  Jikata ta ce in zauna a kujera in tashi ba dafawa. Na zauna. Tashin ne ya gagara. Ta durƙusa, ta lanƙwasa ƙafar a hankali, ta danna wani wuri ta ciki, na kira sunan uwata.

"Tsohuwa, ƙarya a asibiti?" in ji ta.

"Ke nake taimako, marar kunya."

Ta juya ta yi wa malamar bayani da Turanci mai tsawo, tana nuna cinyata. Malamar ta yi dariya, ta ce, "Mama, irinku muke nema. Mai ɓoye ciwo ya fi wuyar dubawa, kuma ta gano shi."

Jikata ta ci gwajin. Ni kuma ba yanka, ba allura, sai ɗaga ƙafa safe da yamma, da sandar da na ce a ba wani tsoho.

Na dawo Zuru kafin la'asar sakaliya, sandar a hannuna, don hawan mota ya fi ƙarfina. Abin da na koyo, ɗaliban nan ba warkarwa ake fara tambayarsu ba, gane ciwon ne. Cikin matan da muka yi tashe tare, saura ni da Ladi ta Manga, ita ma ƙugunta ya riƙe. Na aika mata ta daina cewa lafiya lau, likitarmu na zuwa hutu.