Neman Wanda Ya Ambace Ni, Daga Daura Zuwa Baure

Daura

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata na fito daga gida, ko shayi ban sha ba. Takarda guda ce ta fito da ni. Shekara shida ke nan da na ƙirƙiro wani ɗan yaren kwamfuta da kalmomin Hausa, ka rubuta "idan" ko "maimaita", na'ura ta bi umarni. Da na kai shi gaban kwamitin ƙarin girma na makarantarmu, Farfesan da ke shugabanta ya ɗaga maƙalata da yatsa biyu kamar tsumma. Wai bincike sai da tasiri, tasiri kuwa shi ne yawan masanan da suka ambace ka. Ni mutum biyu suka ambace ni, ɗayan ma ni ne da kaina.

Su a sashenmu an san yadda ake yi: ka ambace ni, in ambace ka, a wayi gari kowa shahararre, alhali manhajar da suka rubuta ko su ba sa buɗe ta. Farfesa ya ba ni zuwa Juma'a in kawo shaidar akwai mai amfani da abina, in ba haka ba in ƙara shekara uku a matakin da nake. Wani tsohon ɗalibina ne ya ce ya ga ana aiki da shi a Baure.

Zango

Sai bakwai saura kwata mota ta cika, mu huɗu a baya, buhun gyaɗa a kan ƙafata. Direba da ya ji sana'ata sai ya miƙo mini wayarsa, wai ba ta ɗaukar caji. Na ce ba fannina ba ne. Ya kalle ni ta madubi, irin kallon da Farfesa ya yi mini sak. Shinge biyu muka wuce a tafiyar da ba ta kai kilomita ashirin ba. A tasha na sha koko da ƙosai, na sauya mota.

Baure

Tara da minti ashirin ɗan acaɓa ya sauke ni wurin Malam Sani, mai gyaran famfon sola. Ya kai ni wata rijiyar burtsatse, ya buɗe akwatin na'ura, ya haɗa da kwamfutarsa. Ga shi ɓaro-ɓaro: idan tanki ya cika, kashe famfo. Ya ce tun da ya koyi wannan ya daina kwasar rana zuwa ƙauyuka don kashe inji. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Na roƙi takardar shaida. Ya kawo fura, ya ce zai rubuta, amma shi ɗan gidan malamai ne.

"Malam, mu ba ma cewa mun san abu sai mun faɗi wanda ya biya mana."

Ya rubuta cewa ya karɓa daga Malam Haruna mai shagon kwamfuta a Zango, ya ce in je can a ƙarasa silsilar.

Zango kuma

Biyu da kwata na sami Malam Haruna ya idar da azahar. Ya karanta, ya ɗauki biro ya ƙara nasa: shi ya karɓa ne a wata bita, daga bakin wanda ya ƙirƙiro yaren bayan shekara goma yana wahala. Na gyara zama ina jiran sunana. Sai ga sunan Farfesa.

Na ce ko takardun bitar na nan? Ya ciro su daga durowa, hoton Farfesa ya cinye rabin bango. A shafi na uku misalin farko yana nan yadda na rubuta shi: na'ura ta ce "Sannu Binta".

"Ya ce mana sunan 'yarsa ne," in ji Malam Haruna.

"'Ya'yansa duk maza ne. Binta tana gidana, aji huɗu take."

Gida

Ana kiran magariba na iso Daura. Na tsaya na yi kwafi bakwai na takardar shaidar da shafin nan na uku, kowane ɗan kwamiti da nasa. Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Sani da Malam Haruna da ba su san mujallar ƙasar waje ba amma sun san a faɗi malami. Na kuma gode wa Farfesa da ya ɗauki wahalar kai bincikena har Zango. Ranar Juma'a zan zauna a gabansa da takardar nan, in ji ya sake cewa ba mai amfani da shi.