Ambulan Dubu Uku na Baba Gefe

Ni ne mai injin yanka a maɗaba'armu, kuma shekara goma sha ɗaya na yi ina faɗa da mutum guda, mai zanenmu, wanda muke kira Baba Gefe. Tambayarsa ce ta jawo masa sunan. Duk aikin da aka kawo, kafin ya taɓa kwamfuta sai ya ɗauki rula ya auna takarda, ya tambaya ina gefen da zai rage za shi.

Sauran masu zane abin da ya yi musu kyau suke yi, su bar ni da shara. Shi kuwa sai ya jera kati goma sha biyu a inda kowa ke jera goma, ya rage tawada a inda ido ba zai gane ba. Ni ke shan wahalar, don yankan aikinsa kamar yi wa jariri aski ne. Na sha gaya masa rowa ce kawai ke damunsa. Yakan ce itace aka sare aka yi takardar nan, bai ga dalilin sare itace don cika kwandon shara ba.

Ashe idonsa ya fara rauni, ya ɓoye mana. Wata makaranta ta kawo aikin fasta dubu uku. Garin tattalin takarda, ya matsa layin ƙarshe, mai lambar waya, har ya haye alamar yanka. Ni kuma na saki wuƙa ban duba ba, don ban taɓa buƙatar duba aikinsa ba. Lambar ta zube ƙasa tare da gefen.

Maigidanmu ba mugu ba ne. Ya sa aka sake bugawa, ya ce a zubar da waɗanda suka lalace, Baba kuma ya je ya huta idan wata ya ƙare. Na ga dattijon ya tsaya gaban tarin takardun. Mutumin da ya tsufa yana hana ɓarna, ga shi za a sallame shi da ɓarnar da ba a taɓa yin irinta a shagon ba. Tausayinsa ya kama ni, da kunyar nawa sakacin.

"Zan tafi, maigida," in ji shi. "Amma ka bar ni sai na ga bayan takardun nan."

Maigida ya yarda. Baba ya riƙa naɗe su ambulan, zanen a ciki, farin bayan a waje. Ni nake datse masa kusurwa lokacin hutun rana, ina mita kamar yadda na saba. Matarsa tana shafa gam a gida, tana cewa ta auri mai zane, ta ƙare da mai liƙe-liƙe. Tela ya karɓa yana zuba maɓallai, mai sayar da irin shuka ma ya karɓa. Sannu ba ta hana zuwa: wata goma sha huɗu aka yi.

Ambulan ɗin ƙarshe a teburin maigida ya ajiye shi, ya yi mana sallama, ya bar mini rularsa. Maigida ya buɗe, ya karanta, ya miƙo mini. Takardar ajiye aiki ce, layi ɗaya a kan siririn gefe. Da na juya bayanta, sai ga lambar wayar nan da na yanke.