Akuyar Gayya da Yaren Girkawa

Har yau in na ji mutum ya ce "asalin wannan kalma," sai raina ya ɓaci. Ƙanin mijina ne ya jawo haka, kuma ban yafe masa ba.

Shekarar da aka gama yaƙin basasa ya dawo mana garinmu Gayam daga makarantar koyon aikin fasto, da tabarau da akwatin littattafai. An koya masa yaren Girkawa, shi ke nan muka shiga uku. Ba ya barin kalma ta wuce lafiya. In ka ce ikilisiya, sai ya tare ka, wai Girkanci ne, ma'anarta taron waɗanda aka kira. In ka tsine wa Iblis, ya ce shi ma sunansa daga can ya taso, Larabawa suka ɗauko. Mutum yana cin tuwona, yana gaya mini inda ƙamus ya samo suna, wai daga teku. Ni ban taɓa ganin teku ba, ban kuma tambaye shi ba.

A daminar nan mijina ya faɗo daga bishiyar ɗorawa ya karye a cinya. Gonarmu ta dawa tana bakin daji, ciyawa ta kai gwiwa. In ba a nome ta a makon ba, babu abin da za mu sa a rumbu, ga 'ya'ya ƙanana. Sai na kira gayya.

Mu Gwarawa ne masu zuwa coci, amma yawancin majiya ƙarfin unguwar Musulmi ne, 'ya'ya da ƙannen wani dattijon malami maƙwabcinmu. Tun zamanin surukina, in za mu yi gayya shi ke zuwa ya yanka dabbar, don kowa ya ci da kwanciyar rai. Ranar jajiberi ya shigo da wuƙarsa, alƙalaminsa na kara a soke a gefen hula. Na kawo akuyar, ita kaɗai gare ni. Sai ga ɗan tabarau ya fito daga ɗaki.

"Baba Malam, kun san alƙalamin nan ba Balarabe ba ne?" in ji shi.

Malam ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wannan ai a fadama na yanko shi."

"Sunan nake nufi. Kalamos ne, kara ke nan da Girkanci. Aro aka yi, kuma lokacin masu shi gumaka suke bauta wa. Kun ga abin da kuke rubuta sunan Allah da shi, arna suka raɗa masa suna."

Na yi masa ido, na yi gyaran murya, har ƙafarsa na taka. Bai ko dube ni ba, ya shiga lissafo wasu kalmomin. Malam ya mayar da wuƙarsa kube ya ce mini, "'Yata, a gaida mai jiki." Ya fita.

Na ce wa ƙanin mijina ya bi shi ya ba da haƙuri. Ya ce ba a ba da haƙuri a kan gaskiya. Ina can ɗaki ina shawara da mijina yadda za mu lallashi dattijon, sai ƙanin nasa ya ɗauki wuƙar kicin ya yanka akuyar da kansa, wai nama nama ne. Kafin la'asar labari ya gama unguwa.

Washegari na kai tuwo da kunu gona tun da hantsi. 'Yan cocinmu suka zo, yawancinsu tsofaffi. Daga gidan Malam babu ko mutum ɗaya. Ban ga laifinsu ba. An zagi alƙalamin ubansu, an kuma dafa abin da ba za su ci ba. Shi kuwa gwanin Girkanci bai gama kunya biyu ba hannunsa ya yi bororo, ya koma inuwa. Ko rabin gonar ba a nome ba, sauran ciyawa ta cinye.

Daga baya na yi karatu, har na koyar, na kuma ga cewa game da kalmar bai yi ƙarya ba. Wannan bai rage mini haushinsa ko kaɗan ba. Kafin kaka ya samu coci a birni ya tafi abinsa, ya bar mu da rumbu da bai kai rabi ba.

Da bazara ta yi tsanani, matar Malam ta shigo da kwandon dawa a ka, ta sauke a ƙofar ɗakina. Na durƙusa zan yi godiya, ta ce, "Malam ya ce na yara ne." Muka ci gaba da gaisawa da shi a hanya har ya rasu. Amma wuƙarsa ba ta sake shiga gidanmu ba, ni kuma ban sake samun fuskar kiran gayya ba.